Baƙin Shafi da Farin Tabo

Sannunku da jira, masu karatu. Na karanta saƙonninku duka a ƙarƙashin rubutuna na baya, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina yanga in auri mutumin tun wata ba ta riga ni ba. Na gode, 'yar'uwa. Da alama ke da Gwaggona aji ɗaya kuka zauna.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ga yadda zaman yake. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori, inda nake wuni ina yi wa masu kumburarren kunci murmushi. A gida mu uku ne: ni, da Umma, da yayar mahaifina da muke kira Gwaggo, wadda ta zo zaman makokinsa da akwati ɗaya, har yau ba ta tuna hanyar gidanta ba. Sai kuma mutumin da ke nemana. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, matarsa ta rasu, ya girme ni da abin da ido zai gani. Yayarsa ce ke riƙe masa gida tun bayan rasuwar, kuma ita ce mai maganar ƙarshe a kan duk abin da ya shafe shi, daga kalar labule har matar da zai aura. Ni Mai Laima nake ce masa, domin ko sama ta yi tas kamar an wanke faranti, sai ya zo da laima a hammata. Laimar mata ce, mai jajayen furanni, ƙarfe ɗaya ya karye an ɗaure shi da zare. Ban taɓa tambayarsa ta wace ce ba. Ba sai an tambaya ba.

Gwaggo ce ta fi kowa son auren nan. A bakinta Mai Laima ba shi da aibi ko ɗaya: yana da aikin yi, ba ya shan taba, yana cire takalmi tun daga bakin ƙofa, kuma ya taɓa yaba wani rufin kujera da ta saƙa, abin da babu mai hankalin da ya taɓa yi. Kullum da safe, kafin in gama sa takalmi, sai ta tuna mini shekaruna, kamar tana tsoron zan manta su a mota. Umma ba ta cika magana ba. Ita da ido take matsa wa mutum, ta kalle ki, ta kalli hoton mahaifinki a bango, ta yi ajiyar zuciya, ta koma tsintar shinkafa. Wallahi gara faɗan Gwaggo.

Kun sha tambayata me ya sa nake jan ƙafa, tunda na yarda da bakina cewa mutumin yana ba ni dariya, kuma in ya yi kwana biyu bai aiko saƙo ba nakan duba ko wayata ce ta lalace. To yau zan faɗa.

Akwai farin tabo a hannuna na hagu. Ya fara ne a cikin wuyan hannu, ƙarami, kamar an ɗiga madara an manta ba a goge ba. Yanzu ya hau ya kusa gwiwar hannu, gefensa a karkace kamar taswirar ƙasar da babu mai son zuwa. Akwai wani ƙarami a ƙasan wuyana. Na je wajen likitar fata a ɓoye, ta ce launin fatar ne kawai ke janyewa, ba kuturta ba ce, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba abin da na ci ba ne, ba abin da na taka ba ne. Zai iya tsayawa nan, zai iya ƙaruwa. Ta faɗi haka tana murmushi, domin ita ba a gidanmu take kwana ba.

Sai na sayi agogo mai faɗin maɗauri irin na maza. Na mai da rigunana duka masu dogon hannu, masu maɓalli a wuyan hannu, na koyi naɗa gyale yadda zai rufe ƙasan wuya ko da na sunkuya. Wanke-wanke nakan jira sai kicin ya zama babu kowa. Gwaggo ta ga wannan duka ta fassara shi da kunya, har nuna ni take yi wa 'yan matan maƙwabta, wai su koyi sutura a wajena.

Za ku ce me zai hana in gaya wa Umma. Kofi ne ya hana.

Ina ƙarama akwai wata mai ɗinki da ke zuwa gidanmu gwada mana kaya. Mace mai fara'a, takan riƙe allurai a leɓe tana ba mu labari ta gefen baki. Tana da irin wannan farin a yatsunta da kewayen bakinta. Gwaggo, wadda a lokacin ziyara kawai take kawo mana, ita ta ware mata kofi: wani koren kofi mai tsaga a baki, ba ya shiga cikin sauran, ana wanke shi da ruwan zafi shi kaɗai a kife a bakin taga. Mai ɗinki ta sha ruwa a cikinsa sau da yawa. Wata rana ta kalle shi, ta ce ba ta jin ƙishirwa, ta naɗe tef ɗinta na awo, ba ta sake dawowa ba. Umma tana zaune a wurin ranar. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta, ba ta hana ba. Kofin yana nan a kan kabad ɗin kicin har yau, an cika shi da tsofaffin kusoshi da makullan da ba a san ƙofarsu ba, kuma duk sanda na shiga ɗebo gishiri sai mun haɗa ido.

To mutumin da ke da abin da ba zai iya gaya wa uwarsa ba, wa zai gaya wa? Wayarsa.

Ban yi wautar bincike a kwamfutar wurin aiki ba, na san mai kula da na'urorin asibitin yana ganin inda kowa ya shiga. Sai na dawo gida, na rufe ƙofar ɗaki, na buɗe burauza, manhajar shiga intanet, na danna shafin nan na sirri. Kun san shi, kada ku yi kamar ba ku sani ba. Baƙin shafin nan da yake buɗewa da natsuwa kamar babban aminin da zai mutu da maganarki a cikinsa. A nan na zazzage cikina. Wane mai ake shafawa. Shin maganin haske yana aiki. Shin 'ya'ya suna gado. Shin wajibi ne mace ta gaya wa mai nemanta kafin aure, ko ta bari ya gani da idonsa lokacin da komawa baya ta yi tsada. Na karanta labaran mata daga ƙasashen da ban san inda suke ba, na kalli hotunan hannaye har na fara gane wasu kamar dangi. In na gama sai in rufe shafin, in duba tarihin bincike in ga wayam, in fito falo da fuskar salihai.

Na ɗauka na fi kowa wayo a gidan.

Talabijin ɗin falonmu irin mai shiga intanet ne, kuma Gwaggo ta mallake shi. A nan take kallon matan da ke koyar da saƙa, tana gyara musu kuskure da babbar murya. Ranar nan ina shigowa daga aiki, ban ko ajiye jaka ba, bidiyon ya tsaya, talla ta fito. Hannun mace, baƙi, da farin tabo daga wuyan hannu zuwa sama, wani yatsa yana shafa masa mai a hankali, ana kiɗa mai taushi. Na ji kamar hannuna aka ɗora a allon. Gwaggo ta yi tsaki ta danna ta wuce.

Washegari ta sake fitowa. Bayan nan ta fito a wayar Umma tana tsakiyar karanta labarai: asibitin fata, a zo a gwada kyauta. Sai wata hoda mai rufe tabo, wai ko ruwa ba ya wanke ta. Gidanmu ya koma kamar ɗakin jiran likitar fata.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne Gwaggo tana da rabin sani. Ta taɓa neman maganin ciwon gwiwa a wayarta, tallar sandar dogarawa ta bi ta har ta yi fushi ta daina gaisawa da wayar. Daga nan ta riƙe darasi ɗaya: talla ba ta zuwa haka kawai, wani ne ya kira ta. Don haka ta kashe talabijin, ta gyara zaman tabarau, ta buɗe zaman kotu a kan teburin cin abinci.

Ta ce ita dai ta san jikinta. Ta san jikin Umma, tare suke zuwa awon hawan jini. Ni kuwa da hannunta ta yi mini wanka ina jaririya, fatata kamar an shafe tulu, babu ɗigo. Saura wa? Wa aka ba lambar sirrin waifai, wato intanet ɗin gidan nan, kwanan baya, yana zaune a kujerar can yana latsa waya kafin a kawo masa shayi? Mai Laima take nufi.

Umma ta ce a hankali, kada a ɗauki alhakin bawan Allah.

Gwaggo ta ce ba alhaki ba ne, lissafi ne, shi ma ai sana'arsa ke nan. Ta fara jero hujjoji da yatsu. Mutum kullum hannun rigarsa a rufe har wuyan hannu. Safa a ƙafa ko ana zafin da ƙarfe ke lanƙwasa. Bai taɓa yin alwala a gidan nan ba, kullum sai ya ce ya yi salla a hanya. Laima kuma fa? Namiji da laima rana tsaka, me yake kare wa fatarsa? Har matar da ta rasu sai da aka tono, wai wa ya san abin da ta gani. Mutumin da jiya ba shi da aibi, yau ko rufin kujerar da ya yaba ya zama shaida a kansa, wai daɗin baki irin na mai ɓoye abu.

Ina zaune, hannuna na hagu a ƙarƙashin tebur, agogo yana cizon fatata. Kowace hujja da ta kawo a kansa, in ban da safa da laima, a jikina take zaune, a gabanta, cikin riga ruwan toka mai maɓalli uku a kowane hannu. Ba ta ko kalle ni ba. Na ƙara wa shayina sukari.

Da na koma ɗaki na sake buɗe baƙin shafin, a karon farko na karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Jama'a, bai taɓa yi mini ƙarya ba. A rubuce yake ƙarara: ba zai ajiye tarihin a wannan wayar ba, amma shafukan da na shiga za su iya ganina, haka ma masu ba da intanet. Ni da nake karanta har takardar cikin kwalin man goge baki, wannan ne kaɗai ban karanta ba, saboda launinsa ya yi mini kama da rufin asiri. Wayata, da wayar Umma, da talabijin ɗin Gwaggo, duk ta ƙofa ɗaya suke fita duniya, kuma masu talla ƙofar suke gani. Ba su damu da wace ce a cikin gidan ke kuka ba. Sun dai ji ana kuka a gidan, sun aiko mai sayar da hankici.

Ana haka saƙon Mai Laima ya shigo.

“Gwaggo ta kira ni. Wai famfon kicin yana yoyo, in zo ranar hutu. Ban san an fara kiran malaman lissafi irin wannan aikin ba.”

Na rubuta: “Kada ka zo.”

“Na riga na ari sifana wajen maƙwabci. In na mayar ban yi amfani da ita ba zai raina ni.”

“Ba famfo ba ne matsalar.”

“Na sani. Famfo ba ya kiran mutum da murya mai zaƙi haka.”

Na rubuta gaskiyar duka, layi bayan layi, na kalle ta, na goge. Na tura masa hoton babban yatsa. Shi ke nan jarumtata ta ranar.

Famfon lafiyarsa ƙalau, ku sani. Da idona na ga Gwaggo ta durƙusa a kan gwiwar nan da take kuka da ita, ta kwance bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke da hannunta, tana nishi, ta ajiye roba a ƙasa. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi wa gidan nan aiki da zuciya ɗaya haka ba.

Ya zo da yamma, rana tana nan da sauranta, da laima a hammata da sifana a aljihu. Farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana da kaifi. Ni na sa doguwar riga shuɗiya mai duhu, gyale ruwan madara na zagaya shi sau biyu, agogo a mazauninsa. Muka gaisa a tsaye kamar ma'aikatan banki biyu.

Gwaggo ta ja shi kicin, ta ce ya naɗe hannun riga kada ta ɓaci. Ya ɓalle maɓallan a nutse, ya naɗe har sama da gwiwar hannu, ya kwanta rigingine ya cusa kai ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ita kuma ta ɗauko tocila wai za ta haska masa. Bututu yana gabas, hasken yana yamma, yana bin hannun mutum daga yatsu zuwa kafaɗa kamar mai neman ƙuma a jikin kyanwa. Daga can ciki muryarsa ta fito, ya ce in Gwaggo ba ta damu ba, bututun ne ke yoyo, shi lafiyarsa lau.

Babu komai a hannun. Gashi, da tsohon tabon ƙuna, da farin alli a gefen farce, wanda Gwaggo ta sa yatsa ta murza don ta tabbatar. Da ta ga haka sai robar ruwan ta kife a kan ƙafarsa, bisa kuskure, kuskuren da ta ɗauki saiti kafin ta yi shi. Dole ya cire safa. Ƙafafu biyu, yatsu goma, babu abin kallo sai farcen da ke neman a yanke. Na ga fuskar Gwaggo ta faɗi kamar wadda aka hana gado. Ta raɗa wa Umma cewa to a baya yake, ko a ciki, irinsu sun iya zaɓen wuri.

Aka koma falo. Ni ce mai kawo shayi kullum, amma ranar Gwaggo ta ce in zauna in huta. Na ji ƙarar kusoshi ana zazzage su a kan kabad, na ji an kunna ruwan zafi. Tun kafin ta fito na san abin da ke kan tiren.

Kofuna uku farare masu zinariya a baki, na baƙi, waɗanda ba a taɓa su sai an yi babban dalili. Da na huɗu, kore, mai tsaga, an ɗan ja shi gefe kada ya goga da 'yan'uwansa. Ta ajiye shi a gabansa da ladabi mai yawa.

Ya kalli kofin, ya kalli namu. Mutumin da ke wuni yana gano yaron da ya kwafi amsa ba zai kasa ganin wannan ba. Umma ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta, daidai yadda ta yi ranar mai ɗinki.

Gwaggo ta kunna talabijin wai a ɗan ji motsi. Ta san abin da take jira, kuma masu talla ba su ba ta kunya ba. Matar saƙa ba ta kai ƙarshen layi ba hannun nan ya fito, da farinsa, da kiɗansa mai taushi. Gwaggo ta bar shi ya yi ta yi har ƙarshe.

“Malam,” ta ce, “ko ka san wannan maganin? Ya dame mu a gidan nan, kuma mu ba mu kira shi ba.”

Ya ajiye cokalin da ke hannunsa.

“Na san shi, Gwaggo. Ni na bincika. A kujerar nan, a wayata.”

“To. Na wa?”

“Wannan kuma na mai shi ne.”

Ku zo ku ga fuskar Gwaggo. Ko ranar da aka ce mata hawan jininta ya sauka ba ta yi haske haka ba. Ta gyara zama ta fara jawabi: ita ba ta ƙyamar kowa, duk Allah ya yi mu, amma amana ce a hannunta, 'yar ƙaninta marainiya, fata kamar ta jariri. A dakata da maganar aure tukuna, ya je ya kawo takardar likita, a san iyakar abin, a san ko ana ɗauka. Ya ce to. Haka kawai, to, kamar an ce ya goge allo. Ya miƙa hannu zai ɗauki koren kofin.

Kuna tsammani tausayinsa na ji? Haushi na ji. Haushinsa, da ya zauna yana yi mini ƙaryar alheri ba tare da na roƙa ba. Haushin Gwaggo da zinariyar kofunanta. Haushin kaina, mace da girmanta, mai albashi, tana laɓe a bayan agogon maza tana kallo ana shayar da wani a kofin da aka wanke dominta.

Na riga shi kai hannu. Na ɗauki kofin na kurɓa, tsagar ta kama mini leɓe. Na ajiye shi a gabana, na kwance agogo na ɗora a tire, na ɓalle maɓalli uku ɗaya bayan ɗaya, na naɗe hannun rigar har inda farin ya tsaya.

“Kofina ne, Gwaggo. Kin ba baƙo bisa kuskure.”

Matar talabijin ta ci gaba da ƙirga saƙarta. Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Kujerarta kawai na ji ta ja baya, kaɗan, kamar faɗin tafin hannu. Na yi shekaru ina jin wannan ƙarar a cikin kaina, sai ga shi da ta zo ba ta kai yadda na zata ba. Da ta sami bakin magana, abin da ta fara cewa shi ne a danginsu dai babu wannan, sai dai a duba wajen uwa.

Umma ta tashi. Na ɗauka ɗaki za ta shige, can take kai duk abin da ya fi ƙarfinta. Sai ta zagayo teburin, ta kama hannuna, ta juya shi wajen hasken taga, ta bi gefen farin da babban yatsanta tun daga wuyan hannu har sama, a hankali, kamar tana duba ɗinki. Ta tambaye ni ko yana ciwo. Na ce a'a. Ta ɗauki koren kofin, ta shanye sauran shayin a tsaye, ta ajiye shi a tsakiyar masu zinariya har suka yi ƙara.

“Ya huce,” ta ce. “Yaya, a sake ɗora wani.”

Tunda Gwaggo ta shigo gidan nan da akwatinta, ranar ce ta farko da Umma ta aike ta.

Na raka Mai Laima bakin ƙofar gida, safarsa a jiƙe cikin leda, takalmi a kan ƙafa tsirara. Na ce masa ban gode ba, ban sa shi ya yi mini ƙarya ba, kuma ba na son auren da aka fara da sadaka.

Ya ce shi bai yi ƙarya ba. Ya tuna mini ranar da ruwa ya kama mu a tashar mota, ya ba ni laimar in riƙe yana neman kuɗin mota a aljihu, iska ta fizge ta, na ɗaga hannu na cafke, hannun rigata ya zame. Ya gani tun ranar. Bai san mene ne ba, bai kuma ga hanyar tambaya ba tare da ya zama Gwaggo ba. Shi ne da ya zo gidanmu, yana jiran shayi, ya buɗe baƙin shafi a wayarsa ya karanta.

Wato mu biyu ne. Ni a ɗaki, shi a falo, bango ɗaya tsakaninmu, kowa yana raɗa wa baƙin shafinsa abu ɗaya, kowa yana ganin ya iya ɓuya. Har yau ban san wanne cikinmu ya jawo tallar ba.

Na tambaye shi, shi da ya yi boko har ya koyar, bai san shafin ba ya ɓoye mutum ba? Ya ce ya sani sarai, sabo ne kawai, kamar mai rufe ƙofar ɗakin da ba shi da rufi.

“Shafin nan sawunki na cikin ɗaki yake sharewa,” ya ce. “Na kan titi yana nan. Lokacin jinyar matata a irinsa nake bincike, kada ta ɗauki wayata ta ga abin da likita ya gaya mini. Ba ta gani ba. Amma har bayan an binne ta ana nuna mini katifar masu jinya, da rangwame. Kowa ya zo ya yi mini gaisuwa, ban da masu talla. Su ba a gaya musu ta rasu ba.”

Ya gyara laimar a hammata. Na ce masa farcen ƙafarsa yana neman a yanke. Ya ce zai duba lamarin. Ya tafi yana ɗan ɗingishi saboda takalmi ba safa.

Da na dawo ciki Gwaggo ta shige ɗakinta ta rufo ƙofa, ana jin ta a waya tana ba wata labari da muryar da take kira ƙasa-ƙasa. Kafin gobe duk dangi za su sani, har waɗanda muka ɗauka sun mutu. Ita ba ta buƙatar waifai. Umma tana kicin tana wanke kofuna huɗu a ruwa ɗaya.

Ina cikin rubuta muku wannan saƙonsa ya shigo.

“Na manta ban gaya miki ba, na ci gaba da karatun a gida. Yau Yaya tana kallon talabijin ɗinmu hannun ya fito. Ta tambaye ni na wa ne. Ita ban iya ce mata na mai shi ne ba, na gaya mata naki ne.”

Na rubuta: “Me ta ce?”

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

“Ta ce in gaya wa Umma gobe da yamma za ta zo shan shayi. Ita kaɗai, ban da ni.”

Matar da ke zaɓar masa labule. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ta kalle ni daga gyale har takalmi, ta ce rigata ta yi kyau da muryar da likita ke cewa buɗe baki.

Na buɗe kabad ɗin kayana. Dogon hannu, dogon hannu, dogon hannu, jere kamar masu zaman makoki. Can ƙasa, a cikin leda, akwai wata rawaya mai hannu iya gwiwa da na saya kafin ɗigon madarar nan ya fito, ban taɓa sa ta ba. Na ɗauko ta na warware, duk ta yamutse. Wayata ta yi haske a kan gado, na duba ko shi ne. Talla ce: safar hannu ta mata, doguwa har gwiwar hannu, kala-kala, a saya biyu a sami ɗaya kyauta.

Na kife wayar, na jona dutsen guga.